Kurakuran da likita, malami ko soja ke yi idan ya nemi aiki a kamfanin ba da shawara

Kamfanonin ba da shawara kan dabarun kasuwanci irin su McKinsey, BCG da Bain sun daɗe suna ɗaukar likitoci, lauyoyi, tsofaffin sojoji da masu digirin digirgir, ba sai mai MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, ba. Duk da haka, da yawa daga cikin irin waɗannan masu neman aikin suna faɗuwa a kan abubuwan da ke da gyara.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya raina sana'ar da ya fito daga cikinta, ya cika takardar CV da sunayen muƙamai da kwasa-kwasai. Mai tantancewa yana son ya ga matsalar da ka tarar, abin da ka yi da hannunka, da abin da ya sauya, da alƙaluma. A ce likita ta sake tsara layin marasa lafiya har jiran awa 4 ya koma awa 2. Wannan aikin mai ba da shawara ne tsantsa, amma sai ta rubuta "na kula da marasa lafiya", ta binne hujjarta mafi ƙarfi.

Sai intabiyun warware matsala, inda za a ce maka ribar wani kamfani ta faɗi, ka gano dalili. Wanda bai karanta kasuwanci ba yakan haddace tsare-tsaren littattafai don tsoro, ya ɗora su a kan kowace tambaya, kuma nan take ake gane hadda. Gara ka fara daga tushe: riba ita ce kuɗin shiga bayan an cire kashewa, to wane ɓangare ne ya motsa? Karatu a zuci ba ya wadatarwa. Sai ka samu abokin gwaji kuna yi da baki, yana katse ka yana ƙalubalantarka. Haka yin lissafi da ka, domin galibi ba a barin kalkuleta, kuma ana iya cewa ka ƙiyasta ruwan ledar da ake sha a Kano a rana ɗaya, daga yawan jama'a zuwa abin da mutum guda ke saye.

Masu bincike da malaman jami'a sun saba da doguwar shimfiɗa kafin sakamako. A wannan sana'a amsa ake fara faɗa, dalilai su biyo baya, tsarin da Barbara Minto, tsohuwar ma'aikaciyar McKinsey, ta koyar a kamfanin.

Wasu kuma ƙofar ce ba su sani ba. McKinsey na da shirin Insight, BCG na da Bridge to BCG, don masu manyan digirorin da ba na kasuwanci ba, kuma lokacin nemansu ƙayyadadde ne. Wanda ya shekara 10 a aikinsa ya shirya wa yiwuwar farawa a ƙarƙashin wanda ya girme wa, ya kuma tanadi amsa ta gaskiya ga tambayar da ba makawa za a yi masa: me ya sa yanzu?