Yadda ake hawa jirgin San Diego zuwa bakin iyakar Meksiko, a tsallaka da ƙafa a dawo

A ƙarshen kudancin jihar Kalifoniya akwai tashar jirgin ƙasa ta San Ysidro, inda layin dogo ya ƙare dab da katangar iyakar Amurka da Meksiko. Jan jirgin cikin gari ne mai amfani da lantarki, wanda mutanen San Diego ke kira Trolley, kuma tun ranar 26 ga Yulin 1981 yake kai mutane wannan tasha. Da yawa daga cikin fasinjojinsa mazauna Tijuana ne, garin da ke ƙetaren iyakar a ɓangaren Meksiko, masu aiki ko karatu a San Diego, su tsallako da asuba su koma da yamma. Ga yadda baƙo zai bi wannan hanya lafiya.

Fara da takardunka, tun kana masauki. Wannan matakin ya fi sauran duka muhimmanci, domin fita daga Amurka a nan ba wuya, dawowa ce aiki. Buɗe fasfonka ka duba bizarka ta Amurka, gurin da aka nuna sau nawa za ka iya shiga. Harafin M na nufin shiga ba sau ɗaya ba. In kuwa ta shiga sau ɗaya ce, to ka riga ka ci ta ranar da ka sauka a filin jirgin sama. Masu fasfon Najeriya su lura sosai, domin a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba su ta shiga ɗaya mai wata uku. Kada sha'awar ganin Tijuana na awa biyu ta sa ka tsinci kanka a wancan ɓangaren, kayanka da tikitin komawarka gida suna wannan. Ita kuwa Meksiko tana barin mai riƙe da bizar Amurka mai aiki ya shiga ba tare da nata biza ba.

Na biyu, kuɗin jirgi. Hukumar sufuri ta MTS tana amfani da katin PRONTO tun 2021. Ana sayensa a na'urar tikiti da ke tasha, ko a sauke manhajarsa a waya. A 2024 tafiya ɗaya dala 2.50 ce, kana iya sauya jirgi ko bas cikin awa biyu, kuma ba a cirar fiye da dala 6 a yini. Tashoshin ba su da shinge ko mai tsaron ƙofa, shi ya sa baƙo ke mantawa. Dole ka taɓa katinka a jikin na'urar da ke dandamali kafin ka hau, don jami'ai na shiga tarago suna dubawa, wanda bai taɓa ba kuma tara ce.

Sai hawa. Nemi shuɗin layi, wato Blue Line, ka duba goshin jirgin ka ga an rubuta San Ysidro. In ka ga UTC, wannan arewa ya nufa, wajen jami'a. Daga tsakiyar gari tafiyar kamar minti 45 ce, ta Barrio Logan da National City da Chula Vista, sannan Iris Avenue da Beyer Boulevard. Ba sai ka ƙirga tashoshi ba. Inda kowa ya miƙe ya ɗauki jakarsa, nan ne ƙarshe.

Kana sauka za ka ga McDonald's a jikin tashar, da shagunan canji masu allon casa de cambio, farashin dala da peso na walƙiya da jajayen lambobi. Canza kaɗan don tasi da abinci. Daga nan bi ayarin masu jan akwati da ledojin cefane, ta bayan ginin, hanyar ta ɗan hau tudu har ƙofar ƙarfe mai juyawa da aka rubuta MEXICO a samanta. Ƙofar nan gaba kawai take juyawa. Ka sake shafa aljihunka kafin ka tura ta. A ciki layi biyu ne, na 'yan ƙasa da na baƙi mai alamar extranjeros. Bi na baƙi, jami'in shige da fice ya duba fasfonka ya ba ka izinin shiga, jakarka ta bi ta na'urar bincike, sai ga ka a Tijuana.

Dawowa ita ke cin lokaci. Mashigar San Ysidro ta fi kowace mashigar ƙasa cunkoso a nahiyoyin Amurka, kullum motoci kusan 70,000 da masu tafiya da ƙafa kusan 20,000 ke shiga arewa ta nan. Da asubar ranakun aiki layin na ma'aikata ne, masu sanye da kayan aiki da kwanon abinci a hannu, waɗanda in sun makara albashinsu ke raguwa. In ba dole ba, bar musu wannan lokacin. Yammacin Lahadi ma layi kan yi tsawo. Hukumar kwastan ta Amurka, CBP, tana da manhajar da ke nuna tsawon jira a kowace ƙofa, duba ta kafin ka taso. Ƙofofin ƙafa biyu ne: PedEast, wadda ke fito da kai daidai bakin tashar, da PedWest da aka buɗe a 2016, wadda ke can yamma kusa da kasuwar Las Americas, kuma lokutan buɗe ta kan canza. Mai son jirgi ya bi PedEast.

A gaban jami'i, faɗi gaskiyar abin da ka ɗauko. Nama da 'ya'yan itatuwa dole a bayyana su, ko da mangwaro ɗaya ne, haka ma kuɗin da ya haura dala 10,000. Ka kuma duba lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, domin ba ya kwana yana aiki. Kana fitowa sai ka taɓa katinka, ka hau duk jirgin da ka samu a tsaye, tunda daga San Ysidro arewa kaɗai ake tafiya.