Yadda ake gano matsala idan sabuwar laftof ta ƙi tashi

Ka ciro ta daga kwali, ko ledar sikirin ba ka ɓare ba, ka danna maɓallin kunnawa shiru, ka sake dannawa shiru, nan take gabanka ya faɗi ka fara lissafin kuɗin da ka zuba. To kwantar da hankalinka tukuna. Abu ɗaya dai zan roƙe ka tun yanzu, kar ka ɗauko sukundireba. Sabuwa ce, tana da waranti, yawancin kamfanoni shekara ɗaya suke bayarwa, in ka buɗe cikinta ka karya wani abu kai ka jawo wa kanka musu da wanda ya sayar maka. Duk abin da zan faɗa a nan daga waje ake yin sa.

Kalmar "ta ƙi tashi" ɗin nan abu uku take ɗauke da shi, kuma kowanne hanyarsa daban: ko dai ba wuta sam, ko akwai wuta amma sikirin baƙi ƙirin, ko kuma tambarin kamfani ya fito amma Windows ta ƙi shigowa. Ka fara gane wanne ne naka.

Mataki na farko, jona caja. Wannan shi ne ya fi kama mutane, domin laftof da yawa daga masana'anta ake sa batirinsu cikin wani yanayi na barci don kar ya zube a hanya ko a sito, kuma ba zai farka ba sai ya ji cajar bango, ko da kuwa akwai caji a cikinsa. Ka yi amfani da cajar da ta zo a kwalin, ka jona kai tsaye a soket ɗin da ka tabbatar yana aiki, gwada shi da cajar waya ka gani. In cajar mai gida biyu ce ka tura wayar da ke shiga bulon sosai, sau da yawa rabi take shiga mutum bai lura ba. In kuma USB-C ce to ga wasu tarkuna biyu. Cajar waya bakinta ɗaya da na laftof amma ƙarfinta bai kai ba, yawancin laftof na aiki wat 45 ko 65 suke so, na gem ma sun wuce haka nesa. Sannan ba kowace kafar USB-C ce take karɓar caji ba, ka duba wadda aka yi wa alamar fulogi ko walƙiya a gefenta. Ka bar ta kamar minti 30 kafin ka sake gwadawa, kana kallon ƙaramar fitilar caji ko ta kama.

Mataki na biyu, in har yanzu shiru. Cire caja, cire duk abin da ka maƙala mata, linzami, filashi, katin memori, komai. Danne maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa 40 ba sakewa, wannan yana sauke ragowar wutar da ta maƙale a bod, wato babban allon lantarkin da ke cikin injin, ya sa ƙaramin guntun da ke kula da wuta ya fara daga farko. Mayar da caja, danna sau ɗaya. Wasu ThinkPad ɗin Lenovo suna da ɗan rami ƙanƙani a ƙasa, ana zira tsinken cire layin waya a danna, aiki ɗaya suke yi. MacBook kuma daƙiƙa 10 ake riƙewa a saki a sake dannawa. In bayan duk wannan ba fitila ba motsin fanka ba ɗumi, ka tsaya nan, ko caja ce ta zo a mace ko bod, duka biyun ba aikinka ba ne, na mai waranti ne.

Mataki na uku, wuta ta kama, kibod ya yi haske, fanka na juyawa, amma sikirin ba komai. A nan haƙuri ake fara gwadawa kafin dabara. Tashin farko, musamman masu RAM (memorin aikin kwamfuta) irin DDR5, injin yakan tsaya yana daidaita memori da sikirin baƙi, yana iya cin mintuna, mutum kuma ya ƙosa ya kashe ya kunna ya kashe ya kunna, kullum yana mayar da aikin baya. Ka ba ta minti 10 ka je ka dawo. In ka dawo haka take, ƙara haske da maɓallan saman kibod, wani lokaci sai ka haɗa da Fn. Sai ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocilar waya dab da gilashin, in ka hango hoto dishi-dishi to kwamfutar na aiki, fitilar bayan sikirin ce ta mutu. Jona ta da talabijin ta HDMI ma zai gaya maka gaskiya, in hoto ya fito a can matsalar ta sikirin ce. Akwai kuma danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B a tare, yana farfaɗo da direban hoto, wato manhajar da ke kai hoto sikirin, amma sai in Windows ta riga ta hau a bayan duhun.

Ka kuma lura da ƙiftawar fitilu, ba banza suke yi ba. Dell tana ƙifta fitilar batir ruwan lemo da fari, HP kuma fitilar Caps Lock, adadin ƙiftawar shi ne ke nuna ko RAM ce ko wani abu daban. Ka ƙirga, ko ma ka ɗauki bidiyo, sai ka nemi ma'anarsa a shafin kamfanin da lambar samfurinka, don ma'anar na canzawa daga samfuri zuwa samfuri.

Mataki na huɗu, tambari ya fito amma ta tsaya, ko ta rubuto "No bootable device". Abin dariya a nan, wasu laftof ɗin ana sayar da su ne ba Windows, sai FreeDOS, wata ƙaramar manhaja mai rubutu zalla, ko ma ba komai, shi ya sa suka ɗan fi araha, to ka duba jikin kwali ko rasit kafin ka zargi kowa. In an rubuta akwai Windows, shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ta hau: kana kunnawa ka dinga danna F2 a Dell da Acer da Asus, a HP Esc sannan F10, a ThinkPad F1. Duba ko sunan SSD, wato ma'ajiyar da Windows da fayiloli suke ciki, ya bayyana. In yana nan, ka tabbatar Windows Boot Manager ne a sama a jerin tashi, ko ka mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani ka adana ka fita. In babu shi kwata-kwata, ko ya goce daga mazauninsa a hanya ko ya lalace, nan ma mayarwa za a yi. Dell na da gwajin kayan ciki a F12, HP a Esc sannan F2, ka bari ya gama ka rubuta lambar kuskuren da ya bayar, da ita za ka yi magana da masu waranti ba sai ana ja-in-ja ba.

In kuma Windows ce ke ta juya ɗigo-ɗigon nan ba ƙarewa, in ka ga tana cewa tana sabuntawa kar ka kashe, musamman in BIOS ake sabuntawa, katse wannan yana iya kashe bod gaba ɗaya. In ba haka ba ne kuma an fi awa, kashe ta da riƙe maɓalli daidai lokacin da ɗigon ya fara juyawa, ka maimaita sau biyu zuwa uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. Zaɓi Startup Repair, in bai yi ba ka yi Reset, tunda sabuwa ce ba ka da fayil ɗin da za ka yi asara. Za ta iya tambayarka makullin BitLocker mai lamba 48, wato makullin tsaron da Windows ke kulle fayiloli da shi, in ka riga ka shiga da asusun Microsoft yana can a ajiye, buɗe ta waya ka kwafo.

Sake ɗora Windows da filashi mai 8GB yana yiwuwa, amma ni dai a sabuwar laftof da aka ce ta zo da Windows ba na ba da shawarar ka kai nan, kwanakin da mai sayarwa ya ba ka na canji suna tafiya kana ta fama. Haɗa caja da takardu da rasit cikin kwalinsu, ɗauki hoton lambar siriyal da ke ƙasan injin, ka tafi da bidiyon ƙiftawar nan da lambar kuskuren, ka ce canji kake so.