Yadda Ake Ƙalubalantar Korar da Aka Fake da Rage Ma'aikata

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya fayyace abin da ake nufi da rage ma'aikata: mutum ya rasa aikinsa dindindin, ba da son ransa ba, saboda ma'aikata sun fi aikin yawa. Kan wannan ma'anar shari'arka za ta tsaya. Idan an sallame ka ranar Juma'a, Litinin aka ga wani a kujerarka yana irin aikinka, to aikin bai ƙare ba, kai ake so a rabu da kai.

Kafin komai, kada ka rubuta takardar ajiye aiki, ko da an ce hakan zai "kare mutuncinka". Da ka rubuta, ka ba kamfani hujjar cewa da ƙafarka ka tafi. Haka takardar da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka. Ka kai wa lauya ya duba kafin ka sa hannu.

Sannan ka tattara hujjoji tun ba a rufe maka imel ɗin ofis ba: takardar ɗaukar aiki, kundin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi, sakamakon auna ƙwazo, da takardar sallamar kanta. Tallan neman ma'aikaci a gurbinka, in ka gani, ɗauki hotonsa har da kwanan wata.

Abu uku dokar ta ɗora wa mai kamfani. Ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya a cikin rukunin ma'aikatan da ragewar ta shafa. Ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. A na biyun ake yawan tafka muhawara, domin dokar ta yarda a duba ƙwarewa, iya aiki da riƙon amana. Kamfani zai ce wanda ya zo bayanka ya fi ka. Nan takardun auna ƙwazonka za su yi magana.

Duba notis kuma, wato sanarwar da ake ba ma'aikaci kafin a sallame shi. Sashe na 11 ya ce mako ɗaya ga wanda ya haura wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya daga shekara 5.

Tarkon da mutane ke faɗawa: sashe na 91 ya cire manajoji, masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga waɗanda dokar ke kira ma'aikaci. Irin waɗannan sai su dogara da kwantiraginsu da kundin kamfani, da kuma sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki, wanda gyaran 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙorafin rashin adalci a wurin aiki da la'akari da ƙa'idojin duniya.

Fara da wasiƙar neman haƙƙi, mai lissafin abin da kake bi da wa'adin biya. In an yi biris, ka shigar da ƙara a kotun, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna, tare da bayanin abin da ya faru, rantsuwar shaidu da kwafin takardu. Kada ka yi jinkiri, akwai wa'adin shigar da ƙara. A kamfani mai zaman kansa diyya aka fi bayarwa. Mayarwa bakin aiki galibi na ma'aikatan gwamnati ne da doka ta tsara ɗaukarsu da sallamarsu.