Yadda Ake Neman Tsofaffin Kuɗi da Maɓallan Soja a Kufai

Duk wanda ya gan ka da na'urar gano ƙarfe a ƙasar Kabi, zinari zai kawo a ransa, domin ya ga masu haƙa a Yawuri, ya kuma ji labarin Anka da Bagega. Ni abin da nake bi kufai ina nema shi ne anini, da kwabo mai huji, da maɓallin rigar soja, kayan da suka suɓuce wa kakanninmu ƙasa ta rufe. Saboda wannan zato na mutane, aikin daga ƙofar mai gari yake farawa.

Ka je wurin dagaci da na'urar a hannu, da 'yan tsofaffin kwabbai a aljihu. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba zinari nake nema ba, irin waɗannan nake nema a kufan su wane." Ka ajiye kwabo a ƙasa ya ji ƙarar da kunnensa. Daga nan sai mai gonar, sai magadan gidan idan an san su. Ku yi magana a kan rabo tun ba a samu komai ba, kuma a gaban shaida. 'Yan banga ma su san da zuwanka. A halin da ake ciki na rashin tsaro, kufan da ba a hango gari daga cikinsa ka haƙura da shi.

Shawarata ka fara da kufan danginka. Tsohuwar gidanku za ta iya tsayawa a tsakiyar gona ta ce maka nan zaure yake, can turakar maigida, can madafa, can rijiya. Ka tambaye ta, "Inna, ina baƙi suke zama? Ina ake sayar da fura? Wane ne ya yi soja a gidan nan?" Amsarta za ta rage maka yawon wata guda. Kuɗi suna faɗuwa ne inda ake zama da inda ake ciniki: bakin zaure, gindin inuwa, hanyar rijiya, tsohuwar kasuwa. Na ɓoyo kuwa a ɗakin kwana suke, a tukunya ƙarƙashin daɓe. Idan babu mai nuna maka, ka duba kuka da tsamiya da suka taru wuri guda, tudun da ginin ƙasa ya narke ya bari, tsingaro barkatai, guntun dutsen niƙa, da ƙasa mai duhu da toka. Ka tabbata ka tambayi inda kaburbura suke, don a da ana binne wasu a cikin gida, kuma wurin ba a taɓa shi. Tsohuwar rijiya da ta rufta rabi ta fi maciji haɗari, ko da yake kububuwa ma tana son tsohon gini. Ka sa takalmi mai rufi.

Lokacin da na fi so shi ne bayan ruwan farko, kafin a yi shuka. Ƙasa ta yi laushi, kuma danshi yana ƙara wa na'ura ji. Bayan girbi ma ana yi idan an kwashe kara, sai dai ƙasa ta fara tauri. Huɗar shekara da shekaru tana tono abubuwa sama, shi ya sa yawanci ba sa wuce taƙi ɗaya, santimita 10 zuwa 25.

Ba sai ka sayi babbar na'urar masu zinari ba. Irin su GPX suna jin nisa amma ba sa tantance ƙusa da kwabo sosai, kufai kuwa cike yake da ƙusa. Ƙarama mai nuna lamba a fuska, kamar Garrett Ace ko Nokta Simplex, ta isa. Ƙasarmu ta marmara tana da ƙarfe a jikinta, sai ka ji na'ura tana kuka babu komai. Idan taka tana da wurin daidaitawa da ƙasa, ka sami fili mai tsabta, ka riƙa ɗaga faifan da ke ƙarshen sandarta kana saukewa har ta yi shiru. Idan ba ta da shi, ka rage mata ƙarfin ji. Kafin ka fita, ka binne kwabo da sule da ƙusa da marfin lemo a tsakar gida, ka haddace muryar kowanne.

Ga inda sababbin shiga suke asara. Suna matsa na'urar ta yi watsi da tarkace, ba su san cewa kwabo da anini na haɗin jan ƙarfe da nikel suna nuna lamba kusa da ta tarkacen gwangwani ba. Ƙusa kaɗai za ka ce ta tsallake, saura duk ka tona. Ka ja igiya ka raba wurin layi-layi, faifan dab da ƙasa, kowace shara ta hau rabin ta baya, kana tafiya kamar mai tsintar gyaɗa bayan roro. In ka ji ƙara, ka juya ka bi ta a gicciye. Wadda ta tsaya daram ta kowane ɓangare ita ce abin tonawa. Ka sa dagi nesa kaɗan da tsakiya don kada ka ƙwarzane abin, ka zuba ƙasar a kan buhu, ka tace da rariya. Rariyar ce za ta kama maka kuɗin wuri da duwatsun ado, waɗanda na'ura ba ta jin su. Ka mai da ƙasa ka take, tarkacen kuma ka kwashe, mai gona zai ji daɗin sake ganinka.

Abin da ya fi fitowa shi ne kuɗin Turawa masu huji da tauraro mai tsini shida, galibi da rubutun Larabci a jiki. An fara buga su a 1907. Aninin 1907 da 1908 na farko na alminiyom ne, ba shi da nauyi, ƙasa kuma tana cin sa, don haka kada ka yi saurin jefar da farin abu mai huji. Taro, sisi, sule da fataka sun zo a 1913, na azurfa ne har zuwa 1920, daga nan aka koma tagulla. Sule da fataka suna da bishiyar kwakwa a baya. Ka duba 1936 da kyau: akwai kwabo da sisin kwabo da anini masu sunan Sarki Edward VIII, wanda ya yi murabus bai cika shekara ba. Ƙaramin harafin H ko KN yana nuna gidan bugu ne a Birmingham. A 1959 kuɗin Tarayyar Nijeriya suka shigo, naira kuma a 1973. Wajen Kamba da Dole Kaina za ka haɗu da kuɗin Faransa. Idan Allah ya ba ka babbar azurfa mai hoton mace da 1780, kada shekarar ta ruɗe ka, duk bugun da ya biyo baya ma ita ake sa wa.

Maɓallan soja su ne suka fi taɓa mini zuciya. Tun kafin a ci Sakkwato a Maris 1903 akwai sansanin soja a Argungu, kuma ƙasar Zuru ta ba da sojoji masu yawa. Rundunar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897 alamarta bishiyar kwakwa ce. Idan haruffan WAFF ne, kafin 1928 ne. Daga shekarar aka ƙara R a gaba. Ka juya bayan maɓallin, sau da yawa akwai sunan maƙerinsa, irin su Firmin ko Gaunt. A kufan wanda ya je yaƙin Bama ka sa ran kan ɗamara da bajo da lambar yabo. Lambobin yaƙin 1914 zuwa 1918, na waɗanda suka je Kamaru da Afirka ta Gabas, suna ɗauke da suna da lambar soja a gefensu. Irin wannan ta jikokin sojan ce, ka nemo su. Harsashi mai rai kuwa ka bar shi inda yake, ka sanar da mai gari da 'yan sanda. Ko ƙwanson da babu komai a ciki ba na sa shi a jaka, don a shingen bincike bayani zai yi wuya.

Wanki: ruwa da tsohon buroshin haƙori kawai. Ban da lemon tsami, toka, yashi da ruwan batir, suna cinye rubutun. Ka shanya ya bushe sarai, ka sa kowanne a takardarsa, ka rubuta kufan wa, wane gefe, zurfin nawa. Masu yawo suna cewa kwabo mai huji yana kawo miliyoyi, kada ka saurare su. An buga shi da yawan gaske, kuɗinsa a kasuwa kaɗan ne.

Idan tukunyar kuɗi ce a gidan da aka san masu shi, dukiyar magada ce, a kira su da malami a raba. Wanda ba a san mai shi ba, malamin zai bambance maka tsintuwa da binnen jahiliyya da ake fitar wa ɗaya bisa biyar. Abin da ya girmi zamanin Turawa, kamar gunkin yumɓu ko tsohon makami, ka tsai da tono. Dokar 1979 ta hana tonon kayan tarihi da fitar da su waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma tsofaffin birane irin Surame ba a shigar su da dagi. Ka ɗauki hoton abin a inda yake, ka rufe, ka kai labari gidan tarihi na Kanta a Argungu.