Yadda Ake Rage Iskar Radon a Gidan da Ke da Sarari a Ƙarƙashin Daɓe

A Amurka gidaje da dama daɓensu na katako ne da aka ɗaga sama, aka bar ɗan sarari mai duhu a ƙarƙashi wanda ba a shigarsa sai da rarrafe. Idan ƙasar wurin a buɗe take, ta nan iskar radon ke tasowa ta shiga ɗakuna. Iskar tana samuwa ne daga sinadarin yuraniyom da ke cikin ƙasa da duwatsu, ba ta da launi ko wari, kuma in aka cire shan taba, ita ce kan gaba wajen haddasa sankarar huhu.

Da gwaji ake farawa. A ajiye na'urar gwaji a ɗakin da ya fi kusa da ƙasa cikin waɗanda ake zama, a rufe tagogi da ƙofofi tun awa 12 kafin a fara, sannan a bar ta aƙalla kwana 2. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba da shawarar a gyara gida idan sakamakon ya kai pikokuri 4 (ma'aunin yawan radon) a kowace litar iska.

Idan gidan na buƙatar gyara, sai a share sararin ƙarƙashin daɓen, a kwashe duwatsu masu kaifi da guntayen katako, a kwantar da bututu mai huje-huje a ƙasa, kana a shimfiɗa leda mai kauri a kansa har ta rufe ko'ina. A nan ne aikin yake kyau ko ya lalace, don haka bai dace a yi gaggawa ba. Inda leda biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya kan ɗaya da kamar inci 12 a liƙe, a manne gefunanta a jikin bango da gam, a kuma naɗe gindin kowane ginshiƙi, domin ƙaramar ɓaraka ta isa ta sa fankar da za ta janye radon daga ƙarƙashin ledar ta riƙa zuƙar iskar sararin maimakon ta ƙasa.

Daga bututun nan ake haɗa wani na roba mai faɗin inci 3 ko 4 wanda zai miƙe har ya wuce rufin gida, nesa da tagogi. Fankar kuwa a jikin wannan bututun ake kafa ta, a waje ko a saman silin, ba a ƙarƙashin daɓe ba, saboda idan bututun ya yi yoyo kada iskar ta koma wa mutanen gida. Dare da rana take aiki. Da an kunna ta, za a ga ledar ta lafe a ƙasa tana nuna siffar tsakuwar da ke ƙarƙashinta, alamar liƙin ya kama. Ana kuma maƙala wa bututun ɗan ma'auni mai ruwan launi, wanda ruwansa ke daidaita idan fanka ta tsaya.

Wasu kan wadatu da buɗe kafofin shan iska na wurin, amma a ganina wannan ba abin dogaro ba ne, kuma a lokacin hunturu yana iya sa bututun ruwa ya daskare.

A sake gwaji bayan fankar ta yi awa 24 tana aiki, kafin cikar kwana 30, sannan a maimaita duk bayan shekara 2.