Kurakuran da masu zuwa tsibirin Lantau suka fi yi, da yadda za ka kauce musu

Yawancin matsalar da mutane ke shiga a Lantau daga abu ɗaya take tasowa, wato ɗaukar tsibirin kamar wata unguwa ce ta birnin Hong Kong. Mutum ya kwana biyu a cunkoson Mong Kok ko Central inda jirgin ƙasa ke zuwa duk bayan 'yan mintuna, sai ya zaci ko'ina haka ne. Ina! Lantau shi ne tsibiri mafi girma a yankin, kusan murabba'in kilomita 147, ya kusa ninka tsibirin Hong Kong ɗin kansa sau biyu, kuma fiye da rabinsa duwatsu ne da dajin da gwamnati ta killace. Filin jirgin sama da Disneyland suna ɓangaren arewa, amma da ka haura dutse ka gangara kudu ka shiga ƙauye sosai.

Kuskure na farko shi ne son a cinye tsibirin a wuni ɗaya. Za ka ga mutum ya jero Disneyland da babban mutum-mutumin Buda da ƙauyen Tai O da bakin tekun Cheung Sha, wai duk kafin magariba. A taswira kam suna kusa da juna, amma hanyoyin kudu ƙanana ne masu kwana-kwana, hawa da gangara, bas ba ya gudu a kansu. Ka zaɓi wuri biyu kawai. Ngong Ping, inda mutum-mutumin Buda yake, da safe, Tai O da yamma, wannan haɗin ya fi dacewa don bas mai lamba 21 yana haɗa su kai tsaye, sai dai fa ba ya yawan zuwa, ka duba jadawalinsa tun kana saukowa kar ka zo ka tarar yanzun nan ya tashi ka zauna zaman jira rana na dukanka.

Sai batun motar igiya ta Ngong Ping 360, wadda ke ɗaukar mutane ta sama daga garin Tung Chung da ke arewacin tsibirin zuwa Ngong Ping, tafiyar kilomita 5.7 cikin kusan minti 25. Abin kallo ne gaskiya, teku da jiragen sama na tashi duk a ƙarƙashinka. Amma mutane sai su zo ranar Asabar ko Lahadi da hantsi ba tikiti, su shiga layi mai cin rai. Ka sayi tikitinka ta intanet tun kafin ranar, ka zo tsakiyar mako in da hali. Kuma ka duba ko tana aiki ma, don ana rufe ta saboda gyara ko iska mai ƙarfi. In an rufe ba wani tashin hankali, bas 23 daga Tung Chung yana kai ka har Ngong Ping.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne waɗanda ba sa duba yanayi. A watannin Maris da Afrilu hazo kan sauko ya lulluɓe Ngong Ping, ka hau matakala 268 kana haki, ka isa gindin mutum-mutumin mai tsayin mita 34 amma kansa ma ba ka gani. Da bazara kuma zafi da gumi ne, ga lokacin mahaukaciyar guguwa, in hukumar yanayi ta ɗaga alama ta 8 jiragen ruwa da motar igiya duk tsayawa suke yi. Daga Oktoba zuwa Disamba ya fi daɗi, sama garau, iska mai sanyi.

Tasi ma tana rikita baƙi. Jar tasin cikin birni ba ta shiga kudancin Lantau, shuɗiya ce ta tsibirin kuma ba su da yawa, motar da ka ɗauko haya don tuƙawa da kanka ma sai da takardar izini take bin waɗannan hanyoyin. Bas ne abin dogaro, ka tanadi katin Octopus, wato katin biyan kuɗin mota na Hong Kong, da kuɗi a ciki tunda direba ba ya ba da canji, kuma kuɗin bas kan ƙaru ranar Lahadi da ranakun hutu.

A Tai O kuma kuskuren na ɗabi'a ne. Gidajen nan da aka kafa kan turaku a cikin ruwa gidajen mutane ne, masunta da tsofaffinsu ke zaune ciki, ga busasshen kifi rataye a ƙofa, ga niƙaƙƙen jatan lande an shanya a faifai yana tashin wari, ga kayan wanki a igiya. Bai kamata ka cusa kyamara ta tagar mutum ba, ka nemi izini ko da da alamar hannu ne. Masu kwalekwale za su ce za su kai ka ganin dolfin masu ruwan hoda, ka shiga in kana so amma kar ka sa rai da yawa, sun ragu kuma ba kullum ake ganinsu ba. Haka shanu da ɓaunan da ke yawo a Pui O da Mui Wo, kar ka ba su burodi ko ka matsa kusa da mai ɗan maraƙi don hoto, abincin mutane yana cutar da su.

Wanda ba ya cin alade ya lura, girkin yankin yana yawan amfani da shi har a romo. Ɗakin cin abinci na Po Lin, wurin ibadar mabiya Buda da aka kafa a 1906, ba a girka nama a cikinsa sam.

Masu hawan dutse su ma suna raina wurin. Dutsen Lantau mita 934 ne, na biyu a tsayi a Hong Kong, matakalan dutse ne masu tsauri ba inuwa ba shago, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, da takalmin kirki. Kuma ko wacce hanya ka bi, ka san lokacin bas na ƙarshe daga inda kake tun da rana. In ta Mui Wo za ka koma, jirgin ruwa yana sauke ka a Central, mai sauri kusan minti 35 zuwa 40, na gargajiyan kuma kusan awa ɗaya amma ya fi araha.