Yadda ɗan sakandire zai share wa kansa hanyar samun likitanci ko lauya a ABU da BUK

Duk shekara sai ka ji yaro yana cewa "wallahi na ci JAMB amma ba su ba ni ba, sai mai hanya". Ban ce babu hanya ba, ƙasarmu ce, amma yawancin waɗanda na gani tun kafin a kai ga zancen hanya sun riga sun yi wa kansu ƙafar ungulu da wani ɗan kuskure da bai taka kara ya karya ba. To ƙanina ga yadda ake yi, kuma har da ke ƙanwata nake.

Farko dai tun SS1 ake farawa ba SS3 ba. Ka san kwas ɗin da kake so sannan ka san darussan da yake buƙata. Likitanci a JAMB Turanci ne da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, lauya kuwa sai da Adabin Turanci, wanda yara da yawa ke gudu saboda karatun littattafai sai sun zo cike fom ido ya raina fata. A WAEC ko NECO kana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma a likitanci makarantu da yawa zama ɗaya suke so, wato ba za ka haɗa rabin WAEC da rabin NECO ba, don haka ka duba ƙa'idar makarantar a shafin JAMB da kanka kar ka ji a bakin abokai.

Na biyu, takardu, kuma nan zan ɗan daɗe don nan ne abin ya fi ƙona min rai. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ke kan NIN shi zai bi ka. Wani ɗan yayata ya samu 271, muna ta murna har an yi dambu a gida, ashe a NIN an rubuta Muhammad a WAEC kuma Mohammed, ranar haihuwa ma ta sha bamban da wata guda saboda mai kafe ne ya cike masa yana sauri ga layi a waje, watanni muka yi muna zarya kafin a gyara. Ka tsaya a kan mai cikewar ka karanta kowane harafi kafin ya tura. Layin wayar da ka yi rajista da shi ma naka ne na kanka, kar ka ara, kar ka yar. Sannan shekaru, sai ka cika 16.

Na uku jarabawar kanta. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, Turanci 60 sauran ukun 40-40, maki 400 gaba ɗaya, ka ga ko minti ɗaya cikakke ba ka da shi a kan kowace tambaya. Ka samo silabos da tsofaffin tambayoyi ka riƙa yi da agogo a gabanka, ka rubuta jarabawar gwaji ta JAMB don hannunka ya saba da kwamfuta, akwai masu ƙoƙari sosai da linzamin kwamfuta kawai ya rikita su. Kuma kar ka ruɗu da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo, wannan na shiga layi ne kawai, likitanci gurabensa ƙidayayyu ne don hukumar likitoci ta MDCN ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka.

Na huɗu, zaɓin makaranta da lissafi ake yinsa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a boko, irin su Jigawa, Yobe, Zamfara da Sakkwato. Ɗan Katsina da ya sa Zariya ko Kano a zaɓin farko yana da ƙofofi fiye da in ya sa Ibadan. Kuma manyan jami'o'in nan ba su cika waiwayar wanda ya sa su na biyu ba.

Bayan sakamako kar ka miƙe ƙafa, akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, ka ci gaba da karatu kana leƙa shafinta. Ka tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinka a CAPS, tsarin bayar da adimishin ta intanet da JAMB ta kawo a 2017, in babu shi ko 300 ka ci ba za a duba ka ba. In adimishin ya fito ka shiga ka karɓa da wuri. In makin bai kai ba, ko ka canza kwas da wuri, ko ka yi IJMB, jarabawar karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke gudanarwa, wadda in ka ci sosai za ka nemi shiga aji biyu kai tsaye, amma ita ma sai ka sayi fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga kai tsaye, kar ka manta da wannan.